Ƙararrawar Alhamis

Tun ina da cikin Yayanku akwai abin da yake cin raina, kuma ba haihuwa ba ce. Haihuwa kowa ya ce mani da wuya, na ji na ajiye. Abin da nake tsoro shi ne ranar da zan ga wani abu a jikin ɗan da na haifa, bakina kuma ba shi da ikon faɗa. A zamaninmu a Kurfi ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa gaban mutane in ba nono za ta ba shi ba, in ya faɗi ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Da an yaye shi sai ɗakin kaka. Uban ma haka, ko ma ya fi. Ni kuwa Allah ya yi ni mai yawan kallo da yawan fargaba. In kaza ta yi ɗingishi a tsakar gida ni nake fara gani, in ruwan randa ya canja ɗanɗano ni nake fara ji. Sai nake tambayar kaina, wanda aka yi shi haka, yaya zai yi da ɗan da aka ce kada ya kalla?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami da tsufana, maganar da na ji ce a bakin ɗayanku, ba zan faɗi ko wace ce ba, tana gaya wa 'yarta wai ni na bayar da Yayanku ya girma a Shema don ban damu da shi ba. Ban ji haushi ba, abin da aka bar muku ke nan. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, shi ma da girmana na yi, don haka in kun ga layi ya karkace ku bi ma'ana.

Babanku ɗan koli ne a lokacin. Allura, zare, madubi, tozali, 'yan kunne, turare na ɗan kwalba, duk a akwatin katako guda da yake ɗaurewa a bayan keke. Keken nan shi ne na uku ko na huɗu a unguwarmu, kuma kowa da sunan da yake kiransa. Babanku keke yake cewa, kamar mutanen birni. Inna, mahaifiyarsa, ba ta taɓa cewa keke ba har ta koma ga Allah. Ta ce keke na ɗinki ne, wannan basukur ne, kuma yadda take jan kalmar ka san ba ƙaunarsa take ba. Tsofaffin ƙofar masallaci dokin ƙarfe suke cewa, suna tsokanarsa ko ya ba shi dusa. Delu, matar yayan babanku da muke gida ɗaya, ita kuma angon gida take ce masa, don ta ce ya fi kowa samun mai da shafa. Ranar Asabar da sassafe yake fita, ya bi kasuwanni ta Kuki, ta Dabawa, ya kwana Shema wajen ƙanwarsa, ya ƙare da Dutsin-Ma inda yake saro kaya, ranar Alhamis da la'asar ya shigo gida. Shi zagaye yake kiran tafiyar. In an tambaye shi yaushe za a biya wata buƙata sai ya ce zagaye mai zuwa, ko bayan zagaye biyu. Da haka muka daina lissafi da mako a gidan, muka koma lissafi da zagaye. Har cikin da na yi daga baya da shi na ƙirga.

An yaye Yayanku kafin a ba da mulkin kai da 'yan shekaru, ya koma ɗakin Inna. Ta riƙe shi riƙo na gaskiya, wannan ba zan rage mata ba. Mijina take ce masa, tana masa tsiyar bai kawo cefane ba, yana ja mata zane. Ni ina gefe ina daka, idona a turmi, kunnena yana ɗakinta. Yana cikin shekara ta uku, farkon bazara, ciwon ya fara. Wata Alhamis kafin magariba leɓensa ya kumbura, idonsa ya ƙanƙance, jikinsa ya yi rudu-rudu kamar an zane shi da tsumagiya, yana ta susa. Da gari ya waye babu komai, sai ka ce ba shi ba. Aka ce borin jini ne, aka jiƙa masa magani. Alhamis ta kewayo, ya sake. Ta kewayo, ya sake, har da tari a wannan karon. Inna ta daina cewa borin jini, ta sa wa ciwon suna mai kewayo. Delu juyi take cewa, juyin yaron ya zo, juyin yaron ya wuce. Ni ban sa masa suna ba, don ba a tambaye ni ba.

Inna ba sakarya ba ce. Ita ma ta lura da ranar. Wata Juma'a da safe muna sheƙar gero ta ce da Delu, da ƙarfi yadda babanku zai ji daga ɗaki:

"Ke Delu, ciwon da ya san Alhamis, wa ya koya mashi kwanakin mako?"

"Inna, ko shi ma koli yake bi?"

"Ki yi dariya. Basukur ɗin can ta ƙarƙashin tsamiyar bakin rafi yake biyowa, da la'asar sakaliya, ranar da masu wurin suke fitowa shan iska. Jaki in ya ga abu tsayawa yake, ya toge. Ƙarfe mi ya sani? Ya kwaso ya kawo mana har zaure."

Aka karɓo rubutu wajen malamin unguwa, aka turara keken da hayaƙi, aka ɗaura masa laya a ƙarƙashin ƙararrawa. Babanku bai yi musu ba. Ciwo bai fasa ba.

Abu uku na gani a daminar nan, kuma a jere suka zo. Na farko, wani zagaye taya ta fashe masa a hanya, bai iso ba sai Juma'a da hantsi. Alhamis ta wuce yaro lafiya lau, Juma'a kafin azahar ya kumbura. Inna ta ce to ga shi nan, ciwon basukur yake bi. Ni ma a raina na ce haka ne. Na biyu, wani zagayen ruwa ya cika rafi tsakanin Shema da Dutsin-Ma, ya juyo bai shiga Dutsin-Ma ba. Ranar Alhamis ya iso, da la'asar, ta ƙarƙashin tsamiyar nan dai, keken ya shigo zaure ya jingina inda ya saba. Na zauna ina jiran kuka har aka yi sallar magariba. Yaro yana ta tsalle a kan tabarma. Inna ta ce laya ta fara aiki. Ni kuma na ce a raina, ashe ba keke ba ne, ba tsamiya ba ce, Dutsin-Ma ce. Na uku, zagayen da ya biyo, bayan ciwon ya dawo, ina sharar zaure da safe maza sun fita, na ga layin tururuwa ya hau ta bayan taya, ya bi ƙarfe, ya shiga 'yar jakar fatar da ke rataye ƙarƙashin sirdi, inda ake ajiye sifana da kayan faci. Na buɗe. Takarda ce mai maiƙo a dunƙule, da 'ya'yan riɗi a manne. Sai na tuna duk wankin Juma'a ina samun irin 'ya'yan nan a gaban rigar yaron, ina kakkaɓewa ban kawo komai ba.

Daga nan sauran ya fito mani a fili. Duk Alhamis in keke ya shigo, Yayanku yakan ruga zaure, wai zai buga ƙararrawa. Mukan ji ƙirrin, ƙirrin, mata su yi dariya. Babanku kuma ya shigo tsakar gida fuska a ɗaure, ko kallon inda yaron yake ba ya yi, kamar yadda ya kamaci uban ɗan fari. Ashe a ɗan tsakanin nan, a zauren da ba kowa, yake ciro kantun riɗi da ya sayo a Dutsin-Ma ya danƙa masa, ya jira ya cinye, ya goge masa baki. Shi ke nan abin da yake da shi da ɗansa a duniya: kantu ɗaya a zagaye.

Na same shi a bayan ɗaki ya kifa keken yana sa wa sarƙa mai. Ku sani ko tsakanina da shi ba mu taɓa zancen yaron ba.

Na ce, "Malam, na ga abu a jakar sirdi."

"Sifana da faci."

"Da riɗi."

Ya ci gaba da juya feda da hannu, sarƙa tana wucewa ta gabansa tana dawowa. Can ya ce, "Kantu ya taɓa kashe wani? Duk yaran Dutsin-Ma shi suke ci."

"Ban ce ya kashe ba. Na ce in ya ci kumbura yake."

"In wa ya ci?"

Ya san ba zan iya faɗar sunan ba, shi ya sa ya tambaya.

"Ɗan Inna ne," in ji shi. "In kina da magana a kanshi, ga ɗakinta can."

Ban riƙe shi da wannan ba. A lokacin babu wanda ya taɓa jin abinci mai daɗi yana rufe wa yaro numfashi, ni ma ban taɓa ji ba, gani na yi. Kuma in ya yarda da maganata, ya yarda ke nan shi yake sa wa ɗansa ciwo wata da watanni. Na yi tsammanin ko bai amsa ba zai bari. Daga baya, bayan shekaru, ya gaya mani ya yi niyyar bari. Amma da ya iso zaure yaron ya riƙe masa riga yana leƙen jakar, sai ya ce rabi ba zai yi komai ba, ya karya ya ba shi.

Wannan Alhamis ita ce mafi muni. Numfashinsa ya riƙa fita da fito kamar ana busa kara, leɓensa ya yi baƙi, Inna ta rungume shi tana salati, Delu tana yi masa fifita. Ni ina tsaye a bakin madafa da ludayi a hannu. Taku bakwai ne tsakanina da shi, na ƙirga, ban taka ko ɗaya ba. Allah ya sa kafin a kira isha numfashin ya sauka. Da safe Inna ta kira babanku ta ce basukur ya bar gidan nan yau, ta riga ta aika wa mai faci na bakin kasuwa, wanda ya daɗe yana so, ya zo bayan Juma'a ya ɗauka. Ta ce ya sayi jaki kamar ubansa. Ya ce to.

Delu ta zo tana mani jaje. Ta ce zagayen kwana biyar zai koma na goma, wasu kasuwannin ma sai dai ya haƙura, amma lafiyar yaro ta fi. Ni ba kasuwa nake tunani ba. Tunanina shi ne, kantu ba ya buƙatar keke. Aljihu ya ishe shi. Za a sayar da keke, kowa ya saki jiki, a ce an rabu da mai kewayo, ran nan jaki ya tsaya a ƙofar gida yaro ya ruga zaure. Kuma ko babanku ya bari, gobe wata baƙuwa za ta zo da tsaraba, Inna da hannunta za ta ba shi. Wanda yake riƙe da yaron shi ya kamata ya sani, kuma ba mai gaya mata sai ni.

Bayan an sauko Juma'a na ji muryar mai faci a zaure, yana buga taya da yatsa yana cewa ai ta sha hanya. Na yafa zane na fita. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa shiga zaure da baƙon namiji a ciki ba. Suka bi ni da kallo, shi da babanku da yayansa. Ban gaishe su ba, abin da har yau nake jin nauyinsa. Na kwance jakar sirdi na ciro takardar, rabin kantun yana ciki, na juya na koma cikin gida. Inna tana zaune a inuwar rumbu, yaron yana barci a cinyarta. Na durƙusa na ajiye a gabanta.

Na ce, "Inna, ba iska ba ne, ba basukur ba ne. Wannan ne. In Lawal ya ci shi yake kumbura."

Delu tana daka, taɓarya ta tsaya a sama.

Inna ta ce, "Wa kika ce?"

Hanya ta ba ni in gyara, in ce yaron nan, ko mijinki. Na gane. Amma na ga in na janye sunan, maganar ma za ta janye tare da shi, a ce ruɗewa ce ta yarinya.

Na ce, "Lawal."

Na gaya mata ranar da taya ta fashe, da ranar da rafi ya cika, da tururuwa, da gaban riga. Ta saurara har na gama, ba ta dube ni ba. Sannan ta aika Delu ta kira babanku. Ya shigo ya tsuguna nesa kaɗan, mutum da gemunsa.

"Kai kake ba shi wannan?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tun yaushe?"

"Tun bazara, Inna."

Ta jinjina kai. Ta ce, "Ashe ni goyo nake, ku kuke kiwo. Ɗaya yana ciyarwa a zaure, ɗaya tana ƙirga mashi numfashi daga madafa. Ni ce baƙuwa a gidan." Ta ɗauki kantun ta jefa wa kaji. "Je ka sallami mutumin can, ka ba shi haƙuri. Basukur ba shi da laifi, ya fi masu shi kunya."

Ba a sayar da keke ba. Kafin magariba maganar ta gama unguwa, don mai faci ba ya riƙe zance. Mata suka riƙa shigowa ɗibar wuta suna leƙena, su ga wadda ta kira sunan ɗan fari sau biyu a gaban uwar miji. Uwata ta aiko daga gidanmu a gaya mani ba haka ta koya mani ba. Babanku ya daina zama ƙofar masallaci na wani lokaci, don tsofaffin sun samu abin yi, suna tambayarsa ko dokin ƙarfe ya zo da tsarabar yara. Zagaye biyu bai yi mani magana ba in ban da sallama.

Inna ba ta yi mani faɗa ba, ko sau ɗaya. Bayan kwana goma ta ɗaure kayanta ta ce za ta koma Shema wajen 'yarta, da yaron. Yayan babanku ya yi roƙo, ta ce ba fushi take ba.

"Idon iyayenshi ya yi mashi yawa a nan. In ya zauna, gobe ita za ta fara goya shi a gaban mutane, shi kuma ya ɗora shi a kan ƙarfe ya zaga gari. Yaro ya lalace, su su zama abin nuni."

Haka ta gani, kuma a zamanin da yawa za su ce ta yi daidai. Ranar tafiya aka ɗora su a jaki. Na tsaya a bayan danga ina kallo ta tsakanin kara. Yana ta murna zai hau jaki, bai waiwayo ba, ba a kuma koya masa waiwayo gare ni ba.

Ciwon bai sake dawowa ba. Na samu labari Inna ta bi gida-gida a Shema tana gargaɗi kada wanda ya ba jikanta riɗi, ko a miya, ta ce malam ne ya hana. Ba ta taɓa cewa ni na gani ba, ni ma ban nema ba. Ta tsare shi, abin da nake so ke nan. Shekara goma sha ɗaya ya yi a can, sai da ta rasu ya dawo Kurfi, ya riga ya yi tsawo, yana gaishe ni kamar yadda ake gaida matar kawu.

Alhamis ta farko bayan tafiyarsu ina tankaɗe na ji ƙirrin, ƙirrin daga zaure. Rariya ta faɗi daga hannuna, na ɗauka an dawo da shi. Sai ga babanku ya shigo shi kaɗai. Bai taɓa buga ƙararrawa a gida ba, wannan aikin yaron ne. Ya tsaya yana kwance rawani, ya dubi wajen Delu ya ce mutanen Shema suna gaisuwa, kowa lafiya, babba da yaro. Delu ta ce madalla. Zagaye na gaba bai ce komai ba, ƙararrawar kawai ya buga, sau biyu. Daga nan na gane. Duk zagaye yana kwana Shema, yana ganinsa, ba zai iya shigowa ya ce mani na ga ɗanki ba, ni ma ba zan iya tambaya ba. Akwai Alhamis ɗin da ƙararrawar ta lalace a hanya. Na ji keke ya shigo, ban ji ƙararrawa ba, na ajiye abin da nake yi na kasa kunne. Can sai na ji ya ciro sifana ya ƙwanƙwasa ƙarfen keken, ƙwal, ƙwal. Ku da kuka taso kuna jin ƙararrawa biyu duk Alhamis kuna rugawa tarye, kun ɗauka ku yake kira. Ban taɓa gyara muku ba.

Sau da yawa na auna abin a raina. Da na yi shiru, da ya girma a tsakar gidan da nake, ina ganinsa safe da yamma, in Allah ya bar shi. Wannan "in" ɗin ne ban iya zama da shi ba. Ban ce na yi daidai a komai ba, ya kamata in gaida mutanen zaure.

Yanzu Yayanku idonsa ya yi rauni, ba ya iya karatu. Shi ma abin da kuka ji shi ya ji, bai taɓa tambayata ba. Roƙona ɗaya ne: wanda wannan takarda ta fara isa hannunsa a cikinku, ya je ya zauna ya karanta masa ita tun daga farko. In kun zo inda sunansa yake kada ku tsallake, kada ku ce Yaya, ku faɗe shi yadda na rubuta, duka biyun. Ni ba zan iya karanta masa ba, har yau bakina bai saba ba.